Ta Koma Gidansu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti da jariran da kuke karɓa. Mu ma lafiya lau, sai gajiya. Ƙafar Baba ta kumbura a hanya amma ta sace. Yana cin abinci, yana faɗa, kin ga kuwa lafiya ta samu.

Waya ba ta aiki a nan, don tun lokacin tashin hankalin aka ƙone ƙarfen sabis, har yau ba a gyara ba. Direban da ya kawo mu ya ce zai riƙa ɗaukar mana takarda. Sai ki yi haƙuri da rubutuna, kin san kamar kaza ta yi tono yake.

Gidanmu yana nan, amma babu rufi, babu ƙofa ko ɗaya. Da ƙusar da Mama take rataye madubi na gane ɗakinta. Na rufe ɗaki guda da ragowar kwanon rufi, nan muke kwana ni da Baba. Sauran lokacina duk a coci yake. Magina sun tashi bango, ni ke da rufi da ƙofofi da benci. An rage faɗinsa sosai. Ranar da aka ɗora katakon farko matasa suna ta murna, tsofaffi kuwa suka zauna kan bulo suna share hawaye, don sun san na da.

Baba ya ga haka ya ce ai an taɓa yi. Tun daga ranar ya ɗauko tarihin bautar Yahudawa yake bi mana kowace Lahadi a ƙarƙashin rumfa: yadda aka rushe Urushalima, aka kwashe manya da masu sana'a zuwa Babila, har da kafintoci, in ji shi, yana kallona, yadda suka zauna a bakin kogi waƙa ta gagare su, yadda wani sarki ya zo daga baya ya ce kowa ya koma gida. Ya ce su ma tsofaffinsu kuka suka yi da suka ga harsashin sabon haikali. Ban taɓa jin Baba yana wa'azi haka ba. Kamar an rage masa shekaru.

Ya faɗa a gaban jama'a cewa ranar buɗe coci duk 'ya'yansa za su tsaya a gefensa. Mu biyu ne dai, kin sani. Yaushe za ki zo?

Ki gaishe mini da matata Uwar Tagwaye, ki ce mata ina nan ina gyara mana wuri. Ki ja wa tagwaye kunne su bar taɓa tsohon zartona. Ki gaida surukina. Baba ya ce har gobe ba zai manta da wanda ya buɗe mana ƙofa ba, ranar da muka tsallaka iyaka ko tabarma ba mu da ita.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Takardarka ta iso, na karanta na sake karantawa. Lafiyarmu ƙalau. Ɗaya cikin tagwaye ya yi zazzaɓi ya warke, ɗayan ya ga ana lallaɓa ɗan'uwansa shi ma ya kwanta yana nishi, sai da aka ba shi shayi ya tashi. Ka hana Baba doguwar tsayuwa. In zai yi wa'azi a ba shi kujera, ko da zai zage ka.

Batun zuwana, ka bari tukuna. An ƙara mini aiki, ni ce babbar ungozoma a ɗakin haihuwa yanzu, kuma hannu bai ishe mu ba. Wannan ita ce amsar da za ka ba Baba. Kai kuwa bari in faɗa maka. Na ɗauki biro in rubuta rana, hannuna ya ƙi. Da na karanta batun ƙusar Mama ban ji ina son in gani ba. Itacen lemon da na dasa a bayan ɗaki ya fara 'ya'ya bana, kuma na kama kaina ina tunaninsa alhali ubana yana kwana a kango. Ka ga irin 'yar da ya haifa.

Ka tambaye shi, cikin dabara, ko duk waɗanda aka kai Babila ne suka koma. Ni dai na tuna ya taɓa koya mana cewa da yawa sun zauna, sun gina gidaje, sun yi dashe, jikokinsu suka zama manyan malamai a can. Abin da ban tuna ba shi ne ko an kira su maciya amana.

Matarka ta sayi yadi za ta ɗinka labule, tana so ka aiko da awon tagogi. Kullum da yamma tana zuwa in koya mata gaisuwar tsofaffi da yarenmu, wai kada ta ba ka kunya a gaban dangi. Na ce mata yadda take jin yarenmu ya isa, ta ce na kasuwa da na ɗaki ta iya, na surukai take so.

Ba ka faɗi lokacin da za ka zo ka ɗauke su ba. Ta sa na juya takardar, ko ka rubuta a baya.

Yayarka

*

Yaya,

Na ji daɗi da yaron ya warke. Baba lafiya, ya karɓi kujerar bayan ya zage ni kamar yadda kika ce. Ni ma lafiya, sai guduma da ta same ni a babban yatsa, shi ya sa zan taƙaita.

Na yi masa tambayarki. Ya dube ni ya ce, "Ita ta aiko ka?"

Akwai abin da ba ki sani ba game da nan. Kin san waɗanda suka ƙone garin nan da yaren su surukina suke magana, ko da yake ban da harshen babu abin da ya haɗa su. A can mun saba har mun manta. A nan ba a manta ba. Shekaranjiya wani mai kawo siminti ya kira abokinsa da yaren a bakin famfo. Mata suka watsar da bokitai suka gudu, wata tsohuwa ta faɗi ta fasa gwiwa. Na tsaya da katako a kafaɗa ina tunanin tagwaye, waɗanda ko a cikin barci da yaren suke surutu.

Ranar Lahadi kuma tarihin Baba ya kai inda waɗanda suka komo suka taru cikin ruwan sama, malaminsu ya sa suka yi alkawarin rabuwa da matan da suka auro daga waje, har da 'ya'yansu. Baba ya bi wurin da sauri, murya ƙasa-ƙasa. Amma Mai Sanda, dattijon nan da aka kashe wa 'ya'ya maza, ya miƙe ya ce a maimaita. Aka maimaita. Babu wanda ya waiwayo ya dube ni. Da sun duba ma da ya fi.

Bayan an tashi Mai Sanda ya riƙe hannuna ya ce dattawan ikkilisiya suna so su sa ni cikinsu, kuma ni zan riƙe makulli ranar buɗewa. Ya ce, "Sai dai ka san dattijo, gidansa ake fara dubawa."

Ki faɗa wa Uwar Tagwaye ta kwashe kayanta da yara ta koma gidan iyayenta. Batun labule ta bari.

Direba yana ta danna ham.

Auta

*

Auta,

Ba zan ce maka muna lafiya ba, jiki dai babu ciwo. Ka gaida Baba.

Da takardarka ta zo matarka tana ɗakina tana taya ni ninke kaya. Ta gane rubutunka a ambulan, ta zauna a bakin gado ta ce in karanta da ƙarfi. Ni kuwa sakarya ban fara dubawa ba. Na tsallake batun famfo, na tsallake na Mai Sanda, ina ta inda-inda, sai idona ya sauka kan sunanta a ƙasa. Na ɗauka gaisuwa ce, bakina ya riga hankalina.

Ta ce, "Yaya, sake faɗa, a hankali. Wataƙila yaren ne ban ji ba."

Na sake.

Ta ce, "Ya faɗi dalili?"

Na ce babu. Ƙarya na yi, dalilin yana sama cike da shafi, kuma ta ga tsawon abin da na tsallake. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa ninke zanen da ke hannunta, ta ɗora kan sauran, ta ce sai da safe.

Washegari ta ɗaure kaya. Ni na ɗauki buhun tukwane a ka. Muka bi ta gaban shagon mai aski da layin masu gyaran babur, kowa yana tambaya ina zuwa haka. Tagwaye suna gaba suna tsalle, sun ɗauka ziyara ce.

Surukinka yana zaune a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Ya dubi kayan, ya dubi 'yarsa, ya tashi ya sauke mini buhun da kansa. Ya ce, "Sannu, 'yata. Yaya ƙafar babanku?" Auta, da ƙasa ta tsage da na shige. A tsakar gidan nan muka kwana ranar da muka iso, matarsa ta cire mayafinta ta lulluɓe Mama. A gidan nan Mama ta cika, su suka haƙa kabarinta, kuma da yaren da kake tsoro suka yi mana ta'aziyya. Yau ni ce na mayar musu da 'yarsu kamar kwanon aro.

An kawo mini ruwa na kasa sha. Uwarta ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ja yaran zuwa ciki. Tun daga ranar nake zagayawa ta bayan makaranta in za ni aiki, don kada in bi ta ƙofarsu.

In makulli kake so, ka riƙe abinka. Amma ka rubuto mata da hannunka, ka kira abin da sunansa. Ni na gama ɗaukar maka irin wannan saƙo.

Yayarka

*

Yaya,

Gada ta karye da ruwan farko, direba bai shigo ba sai jiya, da takardarki da ta yi makonni a aljihun motarsa. Duk tsawon nan ina bugun ƙusa ban san abin da na aikata ba. Baba lafiya, sai tari kaɗan.

Rufi nake nufi, Yaya. Rufin ɗakinmu na can. Kin san bara ruwa ya zubo kan gadon yara, na ce zan gyara, ban gyara ba na taho. Na ga hadari ya fara haɗuwa, na ce gara su yi damina a busasshen wuri. Labule kuwa na ce ta bari ne don ban sa tagogi ba. Allah shi ne shaida, abin da ke raina ke nan lokacin da na ɗauki biro.

Na rubuta wannan da safe, na ajiye, na tafi aiki. Yanzu na dawo, kuma zan ƙarasa, don in na tsaya a nan na cuce ki.

Na san yadda ake rubuta "saboda rufi". Saurin direba bai kai ya hana ni ba. Ranar da motar ta tashi, Mai Sanda ya same ni ina goge katako ya ce, "Ina labarin iyali?" Na ce, "Na aika ta koma gidansu." Ya dafa kafaɗata, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Allah ya ga abin da ka bayar." Ban gyara masa ba. Kafin yamma gari ya ɗauka. Matan da ba sa amsa gaisuwata suka fara aiko mini da abinci. Na ci, Yaya. Ina ci har yau. Wata ma ƙanwarta take turowa da kwanon, cikin kwalliya.

Baba ya ji. Bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Muna kwana ɗaki ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ya daina tarihin bautar, wai muryarsa ce ba ta da daɗi.

Don Allah ki je ki yi mata bayanin rufin. Wannan kaɗai. Sauran ki bar mini, bayan buɗe coci zan san yadda zan yi.

Ƙaninki

*

Auta,

Muna lafiya. Tarin Baba ka ba shi zuma a ruwan ɗumi, kuma ka daina barinsa zama kusa da inda kake yankan katako.

Na je. Ba don kai ba, don ita. Na same ta tana wanki a bayan gida. Na ce mata rufi kake nufi. Ta ci gaba da cuɗa riga, can ta ce, "Yaya, in rufi ne, ai kafinta na aura." Sannan ta ce, "Mutanen can sun san ina nan da aurena?" Na ɗauki wata rigar na kama taya ta matsewa. Ta ce, "To," ta zubar da ruwan kumfa.

Ta daina zuwa koyon gaisuwa. In mun haɗu a hanya tana rusuna mini kamar da, amma da yarensu take gaishe ni.

Na yi maka faɗa a takardar da ta wuce, ban kuma janye ba. Amma da nake dawowa na ce da kaina, ke fa? Kai ka ɗauki tsoho ka kai shi gida, kana wanke masa ƙafa. Ni ina nan na laɓe a bayan matan mutane masu naƙuda. An ba ni hutu tun watan jiya, na mayar, na ce ba na buƙata. Tsoron garin nake ji, ina kuma son nan, ban san wanne ya fi ba ni kunya ba.

Ga abin da za a yi. Na sake karɓar hutun, zan biyo direba. Motar da ta sauke ni ita za ta ɗauke ka. Ni zan riƙe Baba, kai ka zo ka tsaya gaban surukinka ka yi magana da bakinka. In kuwa ka ce sai bayan buɗe coci, to ka sani kawunnanta sun taru sun ce a kashe auren. Surukinka ya ce a jira har ruwa ya ɗauke. Ka ɗaga kai ka dubi sama.

Yayarka

*

Auta,

Ina fata ka sauka lafiya. Baba da sauƙi, tarin ya ragu. Ni ma ina nan. Na yi kwanaki ban iya fita ƙofar gida ba, yanzu har famfo ina zuwa.

Ka tafi ba ka sallami kowa ba, ka bar makulli a ƙarƙashin matashin Baba. Ban ce ka kyauta ba. Ni aka bari da tambayoyi.

An buɗe coci. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma rufinka ko ɗigo bai zubar ba. Da aka taru a bakin ƙofa Mai Sanda ya ce, "Ina kafinta?" Baba ya ciro makullin daga aljihu ya ce, "Ya tafi wurin matarsa. Surukata ce, uwar jikokina. Mahaifinta ne ya binne matata." Bai ɗaga murya ba, na baya ma sai da aka faɗa musu. Mai Sanda ya juya ya tafi gida, wasu suka bi shi. Aka yi sujada bencin gaba babu kowa. Na so in ji haushinsa, sai na hango shi ta taga yana dogara sanda cikin ruwa, na tuna ba shi da ɗan da zai riƙe masa lema.

Da yamma ina shafa wa Baba magani a ƙafa ya ce, "Tun ranar da aka ce in maimaita ya kamata in faɗi haka." Can kuma ya ce, "Shekara da shekaru ina koyar da tarihin nan. An rubuta sunayen mazan da suka rabu da matansu, ɗaya bayan ɗaya. Matan fa? Ina suka kwana, ga ruwa, ga yara? Ban taɓa tambaya ba sai bana." Na ci gaba da shafawa.

Bai ce mini komai ba kan jinkirina. Da faɗa ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dai tambaya ko lemona yana da zaƙi.

An daina aiko da abinci, ni ke girki. Ka rubuto.

Yayarka

*

Yaya,

Na iso lafiya. Tagwaye lafiya, sun yi tsawo, ɗaya ya zubar da haƙori. Ki gaida Baba, ki ce na ji abin da ya yi, ban san da wane ido zan dube shi ba. Ki je ki gaida Mai Sanda ko da ba zai amsa ba.

Na durƙusa gaban surukina na faɗi komai, har da abincin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka gaji, ka sha ruwa." Aka kai ni ɗakin baƙi, aka kawo mini ruwa a kofin gilashin da ake ajiye wa baƙi. Da, a moɗa ɗaya nake sha da kowa a gidan nan. A ɗakin baƙin nake kwana har yau. Kawunnan sun zo sun kalle ni sun tafi. Surukina ya ce musu ruwa bai ɗauke ba tukuna.

Ita kuwa ba ta guduna, ba ta ɗaga murya. Amma ta bar yarenmu gaba ɗaya. Da nasu take yi mini magana, a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda ya sauka daga mota yau. Sai yanzu na gane cewa duk shekarun nan ban iya komai a yaren ba sai ciniki da sunayen katako. Ban tambaye ta batun tafiya ba, ba ni da bakin.

Tagwaye ne malamaina. Na sa sun koya mini yadda ake cewa "ki yafe mini", na yi ta maimaitawa a kan hanya har mutane suna kallona. Jiya da ta ajiye mini abinci na tattara ƙarfin hali na faɗa. Ta tsaya ta dube ni. Ta koma kicin ta dawo da gishiri, ta zuba a miyar da yawa, ta tsaya a kaina. Yaran suna bayan ƙofa suna birgima da dariya. Da alama ƙarin gishiri na roƙa. Ban sani ba ko harshena ne ya karkace, ko su ne suka shirya mini.

Na cinye, Yaya, har na suɗe kwanon. Da ta zo ɗauka ta faɗi maganar daidai, a hankali, yadda ake faɗinta, ta fita. Ina nan ina koyo.

Ƙaninki,
Auta